Ɗumi, Citta, Hulba ko Kanwa: Wanne Ya Fi Dacewa da Mai Ciwon Mara Lokacin Al'ada?

A shekarun da na yi ina kula da ɗakunan kwanan ɗalibai a wata makarantar 'yan mata ta kwana a jihar Katsina, ranar binciken akwatuna ita ce ranar da nake ganin halin iyayen yara ba tare da sun tako ƙofar makaranta ba. Kusan kowace yarinyar da ta fara al'ada akwai abin da uwarta ta ƙulle mata a leda ta cusa a ƙarƙashin tufafi: wannan jar kanwa, waccan garin hulba, wata busasshiyar citta da kanunfari, wata kwalbar man habbatus sauda, wata kuma katin ƙwayoyi daga kemis wanda aka yanka biyu har sunansa ba ya karantuwa. Duk ciwo ɗaya ake nufi da su, wato ciwon mara, kuma kowace uwa ta yi imani nata ne sahihi. Abin ya dawo mini a kwanakin baya, lokacin da ɗiyar ƙanena, wadda ke shirin komawa jami'a, ta same ni a gida ta ce, "Gwaggo, Hajiya ta ce kanwa, Mama ta ce hulba, ƙawayena kuma sun ce in sayi ƙwaya in huta. Ni dai wanne zan riƙe?" Hajiyar da take nufi mahaifiyata ce, saboda haka amsar tana bukatar a taka a hankali. Na ga ya dace in rubuta abin da na gaya mata, tun da ciwon 'ya mace na 'ya mace ne.

Ba a iya gwada magani da magani sai an san abin da ake so ya yi a jiki. Mahaifa tsoka ce, kuma duk wata takan yi shimfiɗa a cikinta domin tarbar ciki. Idan cikin bai samu ba, shimfiɗar takan saɓule ta fita, kuma a daidai wannan lokaci ne jiki ke sakin wasu sinadarai da likitoci ke kira furostagilandin, waɗanda ke sa mahaifar ta riƙa matsewa tana saki domin ta koro jinin waje. Idan sinadaran sun yi yawa, matsewar takan tsananta har ta danne ƙananan jijiyoyin da ke kai wa tsokar jini, daga nan murɗa ta taso, ta sauka baya da cinyoyi. Su ne kuma ke jawo tashin zuciya da gudawa da ciwon kan da wasu ke fama da su a ranar farko. Sinadaran sun fi yawa a kwana ɗaya ko biyu na farko, shi ya sa ciwon mara na yau da kullum yake farawa dab da zuwan jini ko tare da shi, ya lafa a kwana na biyu ko na uku. Saboda haka duk abin da za a kira maganin wannan ciwo, ko dai ya rage waɗannan sinadarai, ko ya sassauta tsokar ya bar jini ya gudana. Abin da bai yi ɗaya daga cikin biyun ba, ko ya sanyaya rai, bai taɓa tushen ciwon ba. Kuma wanda zai rage sinadaran ya fi aiki idan ya riga su isa, domin ba a fafe gora ranar tafiya.

Idan aka ce in ɗauki abu guda in bar sauran, ɗumi zan ɗauka, duk da cewa shi ne wanda aka fi rainawa saboda ba a sayensa. Zafi mai sauƙi a kan mara yana sassauta tsoka, yana buɗe jijiyoyin jini, kuma yana dushe saƙon ciwon da ke tafiya zuwa ƙwaƙwalwa. A wani bincike da aka wallafa a Amurka a 2001, an liƙa wa mata wani ƙyalle mai riƙe zafi kimanin digiri 39 na tsawon awa 12 a rana, sai aka ga sauƙin da suka samu bai gaza na waɗanda suka sha ibufurofen ba, waɗanda kuma suka haɗa biyun sauƙin ya fi saurin zo musu. A lura da ma'aunin: digiri 39 ɗan kaɗan ne ya ɗara ɗumin jikin mutum. Abin da ake nema shi ne ɗumi mai ɗorewa, wanda fata za ta iya jurewa ba tare da an yi ta ɗagawa ba.

A nan ne mutanenmu suke kuskure, domin mun saba da cewa sai abu ya yi ƙuna yake magani. Na taɓa kai wata ɗaliba wajen ma'aikaciyar jinya da sassafe, bayan ta ɗura tafasasshen ruwa a gorar roba ta ɗora a fatarta kai tsaye, barci ya kwashe ta. Da gari ya waye marar ta yi bororo, ta koma jinyar ƙuna ta mako biyu a kan ciwon da zai wuce a kwana biyu. Hanyar da ta fi aminci ita ce a sirka ruwan har ya zama za a iya tsoma yatsa a ciki, a zuba a jakar roba ta ruwan zafi da ake sayarwa a manyan kemis ko a kwalba mai murfi mai kyau, a naɗe da tawul ko zane, a ɗora na minti 20 zuwa 30, a huta, a sake. Wadda ba ta da jaka tana iya ɗumama gero ko shinkafa ko gishiri a kasko, ta zuba a tsohuwar safa mai tsabta ta ƙulle bakin, domin yana riƙe zafi kuma yana kwanciya a jiki fiye da kwalba. Wanka da ruwan ɗumi ma yana taimakawa, kuma maganar da ake yi wa 'yan mata cewa wanka yana daskarar da jinin al'ada ba ta da tushe. Wadda kuma ta mayar da ɗora zafi mai tsanani al'adarta ta kullum tana iya ganin fatar wurin ta yi wani zane mai duhu kamar raga, irin wanda ake gani a ƙafafun tsofaffin da ke kwana da kaskon wuta lokacin hunturu.

Aibin ɗumi shi ne ba ya bin mutum aji ko ofis, kuma da an ɗauke shi ba a jimawa murɗar ke dawowa. Ga shi a watannin Afrilu da Mayu, lokacin da zafin Katsina ke haura digiri 40, ba kowace mace ce za ta iya haƙurin rungumar kwalbar ruwan zafi da azahar ba. Wannan giɓi shi ne citta take cikewa.

A cikin duk kayan ƙamshin da ke ɗakin girkinmu, citta ce aka fi gwadawa a kan wannan ciwo, kuma dalilin aikinta sananne ne: sinadaran da ke ba ta yaji suna rage yawan furostagilandin da jiki ke haɗawa, wato hanya ɗaya take bi da ƙwayoyin kemis, sai dai da sanyin hannu. A Iran, a 2009, an raba ɗalibai mata 150 gida uku, aka ba kashi ɗaya garin citta miligiram 250 sau huɗu a rana na kwana uku, aka ba sauran kashi biyun magungunan asibiti, wato ibufurofen da maganin da aka fi sani da sunan Ponstan, kuma ba a ga wani bambanci na a zo a gani ba a sauƙin da suka samu. Wani binciken na 2012, shi ma a Iran, ya yi amfani da miligiram 500 sau uku a rana, ya kuma nuna cewa waɗanda suka fara sha kwana biyu kafin zuwan jini ciwon nasu bai ja lokaci ba. Idan aka tattara gwaje-gwajen, ma'aunin yana tsakanin miligiram 750 zuwa 2000 a rana, na kwana uku ko huɗu. Da yake ƙaramin cokalin shayi da aka shafe bakinsa yana ɗaukar garin citta kimanin giram 2, abin da ake nufi shi ne rabin cokali zuwa cokali ɗaya a yini guda, a raba shi uku ko huɗu, a zuba a ruwan ɗumi ko kunu ko shayi. Citta tana da wata falala da ɗumi ba shi da ita, domin tana kwantar da tashin zuciya, saboda haka ita ce zaɓin farko ga yarinyar da ciwonta ke zuwa da amai.

Sai dai a yi wa citta adalci ta fuska biyu. Ƙamshinta da ake ji a shayin mai shayi ko a zoɓon biki bai kai ma'aunin magani ba, kuma wadda ta jira har ciwo ya naɗe ta sannan ta tashi jiƙawa, sai ta ce citta ba ta yi mata komai ba. A ɗaya gefen, wadda ta zabga cokali uku a kofi ɗaya cikin ciki babu abinci, ƙwannafi da zafin ciki ne za su biyo baya, musamman idan tana da gyambon ciki. Mai shan maganin tsinka jini kuwa, sai ta tambayi likitanta kafin ta fara. Akwai kuma batun kasuwa. Mafi yawan cittar da ke zuwa mana daga kudancin Kaduna take fitowa, wajejen Kachiya da Jaba da Kagarko, kuma tun da cutar ruɓewa ta afka wa gonakin yankin a 2023 farashinta ya yi tashin gwauron zabo. Ni dai tun lokacin na fi natsuwa da in sayi busasshiyar gudanta a Babbar Kasuwa, in karya in duba cikinta ko ta yi fumfuna, in daka da kaina in tankaɗe, maimakon garin da aka ƙulle a leda wanda ban san abin da aka niƙa tare da shi ba.

Hulba ita ce abar alfaharin mahaifiyar yarinyar, kuma ba za a ce ta yi kuskure gaba ɗaya ba. An gwada garin hulba a kan ɗalibai, sau uku a rana a kwana ukun farko, aka ga ta rage zafin ciwon da kasalar da ke tare da shi. Amma gwaje-gwajenta ba su kai na citta yawa ba, kuma tana da kaya a bayanta. Ƙamshinta yana fita a gumi da fitsari, abin da budurwa mai zaman aji da mutane ba za ta so ba. Tana iya saki ciki, alhali mai ciwon mara da ma gudawa na yi mata barazana. Tana saukar da sukarin jini, wanda ya sa mai shan maganin ciwon sukari ya kamata ta kula, kuma da yake dangin gyaɗa da wake ce, wadda jikinta ba ya karɓar gyaɗa tana iya samun irin wannan matsala da ita. A ganina hulba ta fi dacewa da wadda citta ke tayar wa ƙwannafi, ta zama madadi idan ta farko ta ƙi.

Kirfa tana bin bayansu. Gwajin da aka yi mata ya nuna ta fi ƙwayar da babu magani a cikinta, amma ba ta kai ibufurofen ba. Kirfa mai kaurin ɓawo, wadda ita ce ta fi yawa a kasuwa, tana ɗauke da wani sinadari da ke wahalar da hanta idan aka daɗe ana sha da yawa, saboda haka ɗan kaɗan a cikin shayin citta na kwana uku ya wadatar. Shammar da ganyen gwaiba sakamakonsu bai tsaya wuri ɗaya ba, wani gwajin ya yaba, wani bai ga komai ba. Na'ana'a da babunaj shayi ne masu daɗi da ke kwantar da ciki da taimaka wa barci, kuma ko ba komai ɗumin ruwan kansa alheri ne. Kanunfari ya yi suna a Facebook da TikTok fiye da hujjar da ke bayansa a kan wannan ciwo, ƙwaya biyu ko uku a shayi ba laifi, amma jiƙa cikin hannu a kwalba ana sha safe da yamma ganganci ne, man kanunfari kuwa ba abin haɗiya ba ne. Habbatus sauda tana da matsayinta a zukatanmu saboda hadisin da ya inganta a kanta, kuma wadda ta ɗumama manta kaɗan ta mulke mara da baya da shi za ta amfana da tausar da ɗumin tare. Ya kamata a faɗi gaskiya game da dukkan waɗannan tsirrai, har da cittar da na fifita: lokacin da masanan Cochrane, wata ƙungiyar duniya mai tace sakamakon binciken lafiya, suka tattara gwaje-gwaje 27 a 2016, mafi yawansu daga Iran, sun ce hujjojin ba su da ƙarfi, domin gwaje-gwajen ƙanana ne. Abin da ya sa duk da haka nake ba da shawarar citta shi ne araharta idan aka gwada da zuwa kemis duk wata, da ƙarancin illarta a wannan ma'auni, da kuma cewa sakamakonta ya fi na sauran maimaituwa.

Yanzu sai kanwa, inda na san zan saɓa da Hajiya da sa'o'inta. Kanwa ba tsiro ba ce, gishirin ƙasa ne da ake haƙowa a yankin Tafkin Chadi da wasu sassan Nijar, kuma abin da ya fi yawa a cikinta shi ne sodiyom, irin wanda ke cikin gishirin miya. Abin da take yi a ciki shi ne ta kashe tsamin tumbi, ta sa gyatsa, kumburi ya sauka. Da yake mata da yawa suna jin cikinsu ya cika ya yi tauri a kwanakin al'ada, wannan sauƙi na gaske ne, kuma shi ne ya ba kanwa sunan da ta yi. Amma tumbi daban, mahaifa daban, kuma kanwa ba ta rage sinadaran da ke murɗa mahaifa. Abin da take bari a jiki shi ne gishiri mai yawa, wanda ke riƙe ruwa, ya ɗaga hawan jini, ya ɗora wa zuciya da ƙoda nauyi. Likitocin da suka yi aiki a Zariya a shekarun 1970 sun rubuta a kan yawan ciwon zuciyar da ke kama masu jego a ƙasar Hausa, suka danganta shi da yawan shan kunun kanwa haɗe da wankan jego da kwanciya a gadon ƙasa mai wuta. Gaskiya ne budurwa mai lafiya da ta lasa kanwa sau ɗaya ba ta cikin halin mai jego, kuma ɗan abin da ake jefawa a miyar kuɓewa ko a wake ba shi ne abin magana ba. Amma a jiƙa dunƙule guda a kofi a shanye duk wata shekara da shekaru, a gidan da hawan jini ya zama gado, ciniki ne da asararsa ta fi ribarsa.

Abin da na fi tsoro fiye da kanwa shi ne haɗe-haɗen da ba a san abin da ke cikinsu ba, irin waɗanda ake tallarsu da lasifika a bayan mota ranar kasuwa, kwalba ɗaya wai tana maganin sanyi da basir da shawara da ciwon mara. Ita kanwa aƙalla an san ko mece ce. Ko kwalbar da ke ɗauke da lambar NAFDAC, a sani cewa lambar da ake ba magungunan gargajiya, wadda ke ƙarewa da harafin L, tana nuna an duba amincin maganin ne, ba shaida ba ce cewa yana warkar da duk abin da aka lissafa a jikinsa. Haɗarin ya fi girma ga matar aure da al'adarta ta yi jinkiri, mararta na ciwo, aka ba ta jiƙon da zai "wanke mara" ko ya "sauko da jini", alhali ƙaramin ciki ne ba ta sani ba. Haka nan cushe-cushe da matsin da ake yi da sunan maganin sanyi ba sa isa inda ciwon yake, sai dai su ƙona fata su buɗe wa ƙwayoyin cuta ƙofa.

Duk abin da na ambata zuwa nan na kwanakin ciwo ne. Idan kuwa ana maganar rigakafi, wato a rage ƙarfin ciwon tun kafin watan ya zagayo, babu tsiron da ya kai motsa jiki hujja. Bitar da Cochrane ta yi a 2019 ta nuna cewa motsa jiki na minti 45 zuwa 60, sau uku ko fiye a mako, yana iya rage zafin ciwon da kimanin kashi 25 a ma'aunin da ke da kashi 100, kuma bai zama dole ya kasance mai tsanani ba. Wannan ya fi sauƙin faɗa a kan aikatawa a garin da budurwa ke hawa Napep daga ƙofar gida zuwa ƙofar makaranta, kuma ba a saba ganin mace tana sassarfa a titi ba. Amma tsakar gida ta isa: zagaye da sauri bayan sallar asuba kafin rana ta ɗaga, tsallen igiya, miƙe-miƙen baya da ƙugu a kan tabarma, har daka da surfe idan an yi su da ƙarfi har gumi ya karyo. Sharaɗin kawai shi ne a dawwama a kai duk wata, kuma a ba shi wata biyu ko uku kafin a yanke masa hukunci.

Batun abinci ba zan daɗe a kansa ba. Akwai 'yar hujja a kan man kifi da sinadarin bitamin B1, saboda haka kifi mai maiƙo da wake da gyaɗa da riɗi abin so ne a kwanon mai wannan ciwo. Maganar da ake yi cewa shan zaƙi ne ke kawo ciwon mara bincike bai tabbatar da ita ba, ko da yake rage lemon kwalba ba zai cuci kowa ba, illa dai kada a sa yarinya ta ɗauka alewar da ta sha ce ta jawo mata azaba. Taba kuwa an tabbatar tana da alaƙa da tsanantar ciwon. Wadda jininta ke zuba da yawa ta riƙi zogale da hanta da nama da wake domin mayar da abin da ta rasa, ta kuma raba shan baƙin shayi da lokacin cin abinci, saboda yana hana jiki tsotsar sinadarin ƙarfe.

Ba zai yiwu a kammala kwatancen ba tare da an ajiye ƙwayar kemis a gefe an auna da ita ba, domin ita ce ma'aunin da aka gwada sauran da shi. Ibufurofen da danginsa sun fi kowane tsiro ƙarfin hujja da saurin aiki, kuma tsoron da ake ba 'yan mata cewa shansu na kwana biyu ko uku a wata yana hana haihuwa ba shi da tushe. Illarsu ta gaskiya a tumbi da ƙoda take, shi ya sa ba a shansu ciki babu abinci, ba a ba mai gyambon ciki ko ciwon ƙoda ko mai juna biyu ba tare da izinin likita ba, kuma ba a haɗa biyu a lokaci ɗaya. Na sha ganin yarinya ta sha Felvin da safe, ta ƙara ibufurofen da hantsi, ta karɓi dikilofenak wajen ƙawarta da rana, ba ta san duk 'yan gida ɗaya ba ne, ninka illar kawai take yi. Mai ciwon sikila, wadda al'ada kan iya tayar mata da ciwon ƙashi, ta tsara abin da za ta sha da likitan da ke duba ta. Taramol da allurar kashe ciwo ta bayan fage kuwa hanya ce da shigarta ke da sauƙi, fitarta ke da wuya. A nawa lissafin, mai ciwo mai sauƙi ɗumi ya ishe ta, mai matsakaici ta haɗa ɗumi da citta, wadda kuma ciwon ke hana ta zuwa aji ko ranar jarrabawa ta faɗo mata a kai, ta sha ƙwaya iri ɗaya bisa ƙa'ida tun da alamar farko, ta ɗora ɗumi a kai, ba tare da jin ta yi wani laifi ba.

Akwai ciwon marar da ba na ɗakin girki ba ne, kuma a nan ne kawaicinmu yake cutar da mu. Idan mace ta shekara da shekaru tana al'ada lafiya sannan ciwo ya tsiro mata, ko yana ƙaruwa wata bayan wata, ko yana farawa kwanaki da yawa kafin jini ya kuma zarce bayan ta yi wanka, ko tana jin zafi wajen saduwa da mijinta, ko jinin yana jiƙa audugar mata duk awa ɗaya ko biyu, yana zuwa da manyan gudaji ko ya haura kwana bakwai, ko akwai zazzaɓi da ruwa mai wari, to ana iya samun wani abu a ƙarƙashi: ƙari a mahaifa, ko ciwon sanyin da ya haura sama, ko cutar da ake kira endometiriyosis, inda nama irin na shimfiɗar mahaifa ke tsirowa a wajenta. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa wannan cuta ta ƙarshe tana shafar kimanin mace 1 cikin 10 na masu shekarun haihuwa, kuma tana iya taɓa haihuwar kanta. Matar da ta yi ɓatan wata sannan ciwo mai tsanani ya soke ta a gefe ɗaya, da jiri ko suma, a kai ta asibiti a wannan sa'a, domin yana iya zama ciki ne ya zauna a wajen mahaifa. Akwai likitocin mata a Asibitin Koyarwa na Tarayya da Asibitin Turai 'Yar'aduwa a nan Katsina, mutanen Daura kuma suna iya farawa da asibitin tarayya da ke garinsu. Jimlar da na fi ƙi a bakin manya ita ce, "Ki yi haƙuri, da kin yi aure zai daina." Gaskiya ne ciwon yau da kullum yakan yi sauƙi da ƙaruwar shekaru, kuma sau da yawa bayan haihuwar fari, amma ɗaurin aure ba ya narkar da ƙari, kuma na san waɗanda wannan jimla ta sa suka yi shekaru suna birgima a ɗaki kafin a kai su a duba.

Ita dai ɗiyar tawa nata ciwon na kwana biyu ne, yana zuwa da tashin zuciya, kuma watanta ba ya saɓa lissafi sosai, saboda haka abin da muka tsara mai sauƙi ne. Za ta riƙa rubuta ranar da jini ya zo a wayarta, ta fara shan citta kwana biyu kafin ranar da take tsammani, rubu'in ƙaramin cokali sau uku a yini bayan ta ci abinci, ta ci gaba har kwana na uku. Idan kwanakin sun faɗo cikin azumi, ta raba shi tsakanin sahur da buɗa-baki har zuwa lokacin da jinin zai sauke mata azumin. Na ba ta fulas da jakar ruwan zafi da igiyar tsalle, da kati ɗaya cikakke na ibufurofen wanda sunansa da ranar lalacewarsa ke karantuwa, muka yi alkawarin cewa idan wata uku suka wuce ba ta ga canji ba, ni da kaina zan raka ta wajen likita. Ranar da za ta tafi, muna ɗaure kaya, sai na ga Hajiya ta faki idona ta tura wani ɗan ƙulli a gefen akwati. Na ce, "Hajiya, ai mun yi magana." Ta ce, "Na ji, 'yar boko. Wannan ta dafa wake ce."